Darasi na 7: Idan Hawaye da Yawu Suka Ƙafe

Da hunturu kowa na jin bushewar ido da leɓe. Wannan yakan wuce da wucewar iska. Amma akwai mai wayar gari kullum ido kamar an zuba yashi, ba ta iya haɗiye tuwo sai da ruwa a gefe, har damina ta zo abin bai sake ta ba. Idan ya haura wata 3, a je asibiti.

Wata cuta da ke kawo haka ita ce cutar Shogiren, sunan wani likitan ido ɗan ƙasar Suwidin da ya yi bayaninta a 1933. Cikin masu ita 10, kusan 9 mata ne, galibi waɗanda suka haura shekara 40. Ba a ɗaukarta daga wani, kuma ba jifa ba ce. Garkuwar jiki ce ke rikicewa, sojojin da ya kamata su yaƙi ƙwayoyin cuta su juya kan wuraren da ke samar da hawaye da yawu.

Waɗannan sojoji suna barin sawu a cikin jini, shi likita ke nema. Za ku ga an rubuta anti-Ro ko SSA a takardar gwaji, da anti-La ko SSB. Ku koyi gane haruffan nan. Anti-Ro ya fi muhimmanci, ana samunsa a jinin fiye da rabin masu cutar.

A nan mutane ke ruɗewa. Wata tana da cutar amma jininta bai nuna ba. Wata kuma ya nuna, alhali wata cuta ce daban mai suna lupus. Shi ya sa likita kan saka siririyar takarda a fatar ido ta ƙasa na minti 5. Idan hawaye bai jiƙa fiye da milimita 5 ba, ido ya bushe. Wani lokaci a ɗan yanki tsoka daga cikin leɓe a duba. Ku faɗa masa duk ciwon da kuke da shi da maganin da kuke sha, domin ciwon suga da wasu magungunan mura su ma suna busar da baki.

Mai juna biyu da jininta ya nuna anti-Ro, don Allah ta faɗa a wurin awo tun farko. Sojojin kan ratsa zuwa ga ɗan tayi, kuma a cikin irin waɗannan jarirai 100, ɗaya ko biyu bugun zuciyarsu kan rage sauri. Ana sa ido tun daga mako na 16.

A gida, a riƙa kurɓar ruwa, a ɗiga hawayen kwalba da likita ya rubuta, a rage alewa, domin baki marar yawu haƙori ke saurin ruɓewa.

Aiki: Ku kwafi SSA da SSB sau uku a littafinku. Sannan ku rubuta abin da mai juna biyu za ta faɗa wa ma'aikaciyar awo.