Kafin ka hau jirgin masunta, tambayi lokacin ruwa

Da zarar ka ɗan zauna a sabuwar ƙasa, abokan aiki ko na makaranta za su ce a je ƙauyen masunta ranar hutu, a hau jirgi, a ɗan taɓa kifi. Kar ka ƙi, yana cikin fita mafi daɗi. Sai dai wanda ya taso nesa da teku yakan ɗauka ruwa ruwa ne kawai, alhali teku na da agogonta, kuma da shi dukan ƙauyen ke aiki.

A yawancin gaɓar teku, ruwa yakan cika sau biyu ya janye sau biyu a kwana guda, kusan awa 6 tsakanin cika da janyewa. Wata ne ke jan ruwan, shi ya sa lokacin ke jinkirta da kimanin minti 50 kowace rana, kuma cikar ta fi ƙarfi a farkon watan sama da tsakiyarsa. A mashigin Fundy na Kanada, bambancin yakan kai mita 16. Idan ruwa ya janye, zai bar fili fetal na rairayi da laka, mutum ya ga kamar filin yawo ne. A nan ake samun matsala, don ruwan idan zai dawo yakan zagayo ta bayanka ya tare hanya. A 2004, a mashigin Morecambe na Ingila, 'yan China fiye da 20 da ke tsintar katantanwar teku sun nutse da dare ta haka. Jadawalin cikar ruwa yana nan kyauta a intanet, wasu tashoshin ma suna manna shi a bango. Ka duba kafin ka bar gida, don wani jirgin ba ya fita sai ruwa ya cika.

A jirgi, ka sa rigar ceto ka ɗaure ta tam, ko ka iya ninƙaya. Idan mai jirgi ba shi da ta yara, ku nemi wani. Idan ya ce yau iska ba ta yi ba, kar ka yi musu, ya fi ka sanin ruwansa. Ka tafi da rigar sanyi, iskar teku ba ta san rana ba.

Jiri kuwa ba ya kunyar kowa. Ido na cewa kana zaune, cikin kunne na cewa kana lilo, sai zuciya ta tashi. Zauna a tsakiyar jirgi, ka zuba ido can inda sama ta haɗu da ruwa, ka ajiye waya. Ciye-ciyen kuma a bar su sai an sauka, ni na koyi wannan da kunya.

Wajen abinci, bi rumfar da 'yan garin ke layi. Ka tambayi da wane mai aka soya da abin da aka kwaɓa a ƙullun, don wasu na zuba giya. Idan ba ka taɓa cin jatan lande ko ƙaguwa ba, ɗanɗana kaɗan tukuna. Akwai jikin da ba ya karɓarsu, kuma idan leɓe ya fara kumbura ko numfashi ya yi wuya, sai asibiti nan take.

Gidajen nan na mutane ne, raga da ke shanye a ƙasa jarin wani ce, kar a taka, kuma a nemi izini kafin ɗaukar hoton kowa. Ka riƙe ɗan kuɗi a hannu don ba kowace rumfa ke karɓar kati ba, sannan tun da ka iso ka tambayi lokacin motar ƙarshe, ƙananan ƙauyuka da wuri suke rufewa.