Yadda muke tsare hatsin proje a garinmu

Shekara shida na yi ina riƙe da kayen (littafin lissafin) bankin cimaka, wato rumbun hatsin jama'a, na ƙauyenmu, can wajen Madarunfa. Bayan yunwar 2005, da ƙungiyoyin waje suka cika Maradi, aka kawo mana bankin. Hatsin farko ko damina biyu bai gani ba. Ba ɓarawo ne ya fasa ɗakin ba, mu 'yan kwamiti ne muka yi ta ba dangi rance cikin dare, babu rubutu. Ni ma na sa hannu a takardun da ban karanta ba.

In aka kawo muku taimako, ranar da mota ta iso ku hana a sauke sai gari ya taru. A ƙirga buhuna da babbar murya, a zaɓi biyu ko uku a kwance a auna. Buhun kilo 100 yakan ba da wajen tiya 40. In kun samu 34, to an sha shi a hanya, kuma a gaban direba za ku rubuta hakan, kada ku bari sai ya tafi.

Ƙofa kwado uku. Mabuɗi ɗaya wurin mace, ɗaya wurin ma'aji, na ukun wurin wanda ba ya ga-maciji da ma'ajin. Kada ku yi dariya, wannan ya fi duk horon da aka kai mu birni muka yi. Mai gari kuwa a bar shi da alƙalanci, kada a ba shi mabuɗi, don wa zai iya ce masa "Ranka ya daɗe, buɗe mu gani"?

Ku roƙi ma'aikatan proje su rubuta adadin kuɗin da Hausa a bango, jika nawa, na me, su kuma riƙa sakin su kashi-kashi, sai an karanta lissafin na baya a bainar jama'a.

In abin ya fi ƙarfinku, akwai ofishin magajin gari da gidan rediyo. A Yamai an kafa hukumomin yaƙi da cin hanci da satar dukiyar jama'a, HALCIA a 2011, sannan COLDEFF a 2023, amma kafin takardarku ta isa can an cinye hatsin. Mu dai duk Juma'ar ƙarshen wata, bayan an sauko daga masallaci, ɗan lakwal ne ke karanta kayen a ƙofar ɗakin.