Kada takardar zane ta taɓa gilashi

Jama'a, in za ku kai zane ko hoto mai daraja a sa masa firam, ku ce wa mai firam ya bar 'yar tazara tsakanin takardar da gilashin.
Siririn kwali ya isa, a yanke tsakiyarsa ya zagaye zanen. Kaurin milimita 2 ma ya wadatar.

Ga dalili. A watan Agusta nan Bauchi iska cike take da danshi. Gilashi kan yi raɓa ta ciki, in kuwa takarda na manne da shi sai ta jiƙe, ta yi fumfuna, launin ya liƙe. Ranar da kuka zo ɓamɓarewa, in zanen dokin hawan daba ne, rabin fuskar dokin a jikin gilashi za ta tsaya.

Sai dai ba kowane kwali ba. Na katan ɗin taliya akwai asid a cikinsa, sannu a hankali yake mayar da farar takarda ruwan ƙasa. Ku nemi marar asid.
Salatif kuwa ko kusa, tabon gam ɗinsa ba ya fita. Laminatin ma haka, in an yi an yi ke nan.

Dabarar ba ta ceton zanen da ke kan bango mai tsotsar ruwa, ko wanda rana ke duka ta taga. Wannan sai ya koɗe.
Wanda ba za ku rataya ba, ku kwantar da shi cikin fayil a saman kabad, nesa da ƙasa saboda gara.