Yadda ƙungiyar unguwa za ta koya wa iyaye mata gano tamowa da wuri

Ƙungiyoyin taimakon kai da kai da dama, idan suka tashi tallafa wa yara da iyalai marasa galihu, rabon hatsi da atamfa a watan azumi ne yake fara zuwa musu a rai. Akwai aikin da bai kai wannan tsada ba, kuma a ganina ya fi shi ceton rai, wato koya wa uwa auna damtsen ɗanta da kanta. Ƙungiyoyin agajin lafiya na ALIMA da BEFEN sun gwada hakan a Mirriya da ke jihar Damagaram, aka tarar cewa iyaye mata, har waɗanda ba su yi boko ba, suna iya yin awon yadda ya kamata.

Kafin a tara mace ko ɗaya, wakilan ƙungiya su fara zuwa asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, su tambayi ranar da ake duba masu tamowa, ko akwai abincin nan na gyaɗa da madara da ake bayarwa a ƙunshi, da kuma inda ake kwantar da yaron da ciwonsa ya yi tsanani. Idan aka gano yaro alhali babu inda za a kai shi, an ƙara wa uwarsa fargaba ne kawai. Daga nan sai a nemi amincewar mai unguwa da liman, domin magidanta ne ke ba da izinin fita da kuɗin mota.

A yi koyarwar inda mata suka saba haɗuwa, kamar islamiyyar matan aure ko gidan suna, kuma a jawo ungozoma a jiki. Tsinken awon, wato ɗan siririn ma'aunin damtse mai launi uku (kore, ruwan ɗorawa da ja) wanda ake samu wurin ma'aikatan lafiya, na yara ne daga wata 6 zuwa wata 59. Uwa za ta ɗora yaron a cinyarta, ta cire masa riga, ta bar hannunsa na hagu a sake, sannan ta zagaya tsinken a tsakiyar damtse, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, ba tare da ta matse ko ta bar shi sako-sako ba. Kore, daga santimita 12.5 zuwa sama, lafiya lau. Ruwan ɗorawa alama ce ta cewa yaro ya fara ramewa. Ja kuwa, ƙasa da santimita 11.5, asibiti ne a ranar. A nuna mata kuma yadda za ta danna bayan ƙafafunsa biyu da manyan yatsu na daƙiƙa 3. Idan gurbin yatsa ya zauna, kumburi ne ba ƙiba ba, kuma shi ma na gaggawa ne ko da tsinken ya nuna kore. Jaririn da bai kai wata 6 ba nonon uwa zalla ya ishe shi, ko ruwa ba a ba shi.

Yaron da ya faɗa ruwan ɗorawa a kai shi a duba shi, sannan ƙungiya ta iya tallafa wa gidansu da garin kunun da ake kira Tom Brown: mudu 6 na gero ko dawa, mudu 3 na waken suya da mudu 1 na gyaɗa, a soya kowanne dabam kafin a kai niƙa. Abincin ƙunshi da asibiti ke bayarwa kuwa magani ne na yaro ɗaya, don haka a riƙa nanata cewa ba a raba shi da yayyensa, ba a kuma kai shi kasuwa, duk da cewa wannan yana da wuya a gidan da kowa ke jin yunwa.

A fara shirin kafin faɗuwar damina, lokacin da rumbuna ke yin ƙasa, zazzaɓin cizon sauro kuma yana ƙaruwa. A ware asusu na musamman don kuɗin babur zuwa asibiti, a kuma buɗe littafi da za a riƙa rubuta sunan yaro, launin da ya nuna da ranar komawarsa, domin idan uwa ta tsallake mako ɗaya wata daga cikin matan ƙungiya ta leƙa gidan ta ji abin da ya hana ta.