Yadda Ake Gwada Jiƙon Ɓawon Lemo a Ɗakin Gwaje-gwaje

In kana son gwada ƙarfin sinadaran lemo, ni dai shawarata ita ce ka fara da ɓawo, domin a nan sinadarai irin su hesferidin da naringin suka fi taruwa. Ka wanke shi, ka shanya a inuwa ko a na'urar busarwa mai zafin digiri 40, sannan ka niƙe. Ka jiƙa giram 10 na garin a mililita 100 na etanol mai ƙarfin kashi 70 cikin ɗari, ka rufe, ka riƙa girgizawa har kwana biyu zuwa uku. Ka tace da takardar Whatman mai lamba 1, ka fitar da etanol ɗin a injin rotabap (mai fitar da ruwan narkarwa ta hanyar tururi) ba tare da zafi ya wuce digiri 40 ba. Ɗan abu mai danƙo da ya rage a gindin kwalba shi ne dukiyarka. Ka adana shi a kwalba mai duhu cikin firij.

Gwajin sinadarin DPPH, wanda ke auna ƙarfin jiƙon wajen kawar da sinadarai masu lalata ƙwayoyin jiki (antioksidan), ba shi da wuya. Ruwan DPPH shunayya ne. Ka zuba masa jiƙon, ka ajiye minti 30 a duhu, ka karanta launin da na'urar auna haske a nanomita 517. Gwargwadon yadda ya koɗe ya koma rawaya, gwargwadon ƙarfin jiƙon. Ka auna bitamin C a gefe don kwatanci.

Gwajin bakteriya kuwa, nan ake yawan yaudarar kai. Za ka shafa ƙwayoyin a farantin Mueller-Hinton (abincin da ake renon bakteriya a kai) bayan ka daidaita kaurinsu da ma'aunin 0.5 McFarland, ka ɗora 'yan takardu masu faɗin milimita 6 da suka sha jiƙon, ka bar su kwana ɗaya a digiri 37. Washegari ka ga da'ira tas kewaye da takarda inda bakteriya ba su tsiro ba, sai murna. Dakata tukuna. Ruwan lemun tsami pH ɗinsa (ma'aunin tsami) tsakanin 2 da 3 yake, tsamin kaɗai ya isa ya hana bakteriya tsirowa. Etanol ɗin da bai gama fita ba ma haka. Don haka kowane faranti ya samu takarda mai ruwan narkarwa zalla, da wata mai maganin da aka san ƙarfinsa kamar jentamaisin, kuma ka maimaita da jiƙon da aka daidaita tsaminsa zuwa pH 7.

Haka abin yake a gwajin MTT kan ƙwayoyin halitta, inda rayayyun ƙwayoyi ke canza launin sinadarin MTT. Bitamin C da wasu filabonoyid (dangin hesferidin da naringin) suna iya canza launin MTT da kansu, ko babu ƙwaya ko ɗaya, sai na'ura ta nuna maka matattu a matsayin rayayyu. A farantin gwajin, ka ware ramuka masu jiƙo da MTT kawai, ka debe karatunsu daga na sauran. In da ruwan narkarwa na DMSO ka narkar da jiƙon, kada ya wuce kashi 0.5 cikin ɗari. Kowane ma'auni kuma sau uku ake yinsa, da jiƙon da aka haɗa daban-daban.