Yadda za a saurari Wagner da kunnen 'yan gurguzu

Fara da jera shekaru a takarda, domin yawancin gardamar siyasa kan Richard Wagner, Bajamushe mai tsara kiɗa da wasannin waƙa na opera, daga cakuɗa su take tasowa. A Mayun 1849 yana cikin boren birnin Dresden na Jamus tare da Bakunin, ɗan juyin juya hali na Rasha, daga nan ya tsere zuwa Zurich. A 1850 ya wallafa maƙalarsa ta ƙin jinin Yahudawa da sunan aro, ya sake fitar da ita da sunansa a 1869. A 1864 Sarki Ludwig na Biyu na Bavariya ya ɗauki nauyinsa. Ya gama rubuta baitocin Ring, jerin wasanninsa kan labarin wani zoben mulki, a 1852, kiɗan kuwa sai 1874. Duk mai cewa Wagner ɗan juyin juya hali ne, ko ɗan fada, ka tambaye shi: na wace shekara?

Kada ka tunkari Ring ɗin gaba ɗaya, wasanni huɗu ne na kusan awa 15. Ɗauki na farko, Das Rheingold, awa biyu da rabi ba hutu, da fassarar baitocin a hannu. Saurara da kyau inda ake gangarawa ƙarƙashin ƙasa, uwayen maƙera 18 suna amsa guduma. Nan Alberich, wadan da ya yi rantsuwar barin soyayya don ya mallaki zinare, yake bautar da 'yan'uwansa. A kan wannan George Bernard Shaw, marubuci ɗan gurguzu, ya gina fassararsa ta siyasa ta 1898: Alberich ɗan jari-hujja ne, ramin kuwa masana'anta. Fassarar tana tafiya sumul har wasa na uku. A na huɗu shi kansa Shaw ya ce siyasar ta gushe.

Theodor Adorno, Bajamushe masanin falsafa mai bin tafarkin Marx, ya fi wuya, kuma ya fi amfani, domin shi sautin yake tuhuma. Nazarinsa, da ya rubuta a 1937 zuwa 1938 aka buga a 1952, yana cewa kiɗan Wagner na ɓoye wahalar da aka sha wajen yin sa, kamar yadda haja ke ɓoye gumin ma'aikaci. Gwada da kunnenka. Sa mabuɗin Rheingold, gaɓa 136 a kan tushen sauti guda, ka yi ƙoƙarin raba kayan kiɗan ɗaya bayan ɗaya. Za ka ji sun narke cikin juna. A gidan wasan da Wagner ya gina a garin Bayreuth ma an rufe ramin makaɗa, ba a ganinsu. Sannan ka rubuta mintin da kowane guntun kiɗa ya dawo. Kamar taken sarki ko ɗan dambe ne: zobe da nasa, mashin Wotan, sarkin alloli a wasan, da nasa. Adorno ya ce maimaitawa ce irin ta talla. Duba ko guntun ya sauya kama tsakanin dawowarsa. Inda ya sauya, hujjar Adorno ta yi rauni, kuma yakan sauya.

Kuskure biyu sun fi yawa. Na farko, ɗora ra'ayin mai tsara wasa a kan marubuci: madatsar ruwan lantarki da aka gani a Bayreuth a 1976 ta mai tsara wasan, Patrice Chéreau, ce. Na biyu, karanta Wagner daga Hitler zuwa baya, alhali ya rasu a 1883, shekara shida kafin a haifi Hitler. Wannan bai wanke shi ba, maƙalar 1850 tana nan. Adorno na ganin Mime, wada a cikin Ring, da Beckmesser na wani wasan Wagner, zanen izgili ne ga Yahudawa, amma baitocin ba su ambaci haka ba, don haka ka rubuta shi a matsayin fassara, tare da wurin kiɗan da ka dogara da shi.