Yadda ake gano ma'anar sunayen dangi na mutanen Bretaniya

Bretaniya yanki ne da ke arewa maso yammacin Faransa, kuma harshensa na gado, wato Bretanci, ɗan uwan harshen Wales ne, domin kakannin masu magana da shi sun ƙetaro teku ne daga tsibirin Birtaniya a wajajen ƙarni na 5 da na 6. Saboda haka ƙamus na Faransanci ba ya wadatar da mai son fassara sunayen danginsu, har ma yakan ɓatar da shi. Wanda ya ga Le Bras zai ɗauka hannu ake nufi, kamar yadda bras ke nufi a Faransanci, alhali a Bretanci ma'anarsa babba.

Abu na farko shi ne a cire Le ɗin da ke gaban suna a ajiye gefe. Malaman coci da magatakarda ne suka sa shi a madadin kalmar Bretanci ar ko an, wadda take daidai da the ta Turanci, a lokacin da suke rubuta rajista da Faransanci, amma suka bar gangar jikin sunan yadda take. Abin da ya rage galibi laƙabi ne na kama ko na sana'a, irin yadda ake kiran mutum Dogo ko Maƙeri a wurinmu. Le Bihan ƙarami ne, Le Hir dogo, Le Guen fari, Le Moal mai sanƙo, Le Coz tsoho, Le Goff maƙeri, Le Calvez kafinta, Quéméner kuwa tela. Le Gall, wanda ya yawaita ƙwarai a Finistère, jihar da ke ƙarshen yammacin Bretaniya, laƙabi ne na baƙon da ke magana da Faransanci.

Daga nan sai a dubi farkon kalmar. Ker na nufin gida ko ƙauye, kuma yana nuna cewa an kira iyalin ne da sunan mazauninsu, kamar Kermarrec, wato gidan mahayin doki. A nan ne masu koyo suka fi tuntuɓe, domin baƙin farko na kalma yakan sauya idan ta haɗu da wata: koad, wato kurmi, shi ne ya koma goat a cikin Kergoat, ya kuma koma hoat a cikin Penhoat, ƙarshen kurmi. Ab kuwa na nufin ɗan wane, kamar Abgrall da Abiven, kuma kusan a ƙasar Léon kaɗai ake samunsa, a arewacin Finistère, don haka yana nuna wa mai bincike inda zai nufa tun kafin ya buɗe takarda.

Ƙarshen suna ma yana da bayani, musamman ɗafin ec, wanda sau da yawa yakan nuna gaɓar da ta fita daban a jikin mutum, kuma ba a cika tausaya wa mai ita ba: Le Pennec mai ƙaton kai, Le Dantec mai manyan haƙora, Scouarnec mai faffaɗan kunne.

Idan suna ya ƙi rabuwa ta waɗannan hanyoyi, a gwada tsofaffin sunayen yanka na mayaƙa. Tanguy haɗi ne na wuta da kare, Cadiou kuma daga kalmar yaƙi ya fito, kuma sunaye masu irin wannan ƙira suna cike da kundin gidan ibada na garin Redon, wanda akasarin takardun da ke cikinsa na ƙarni na 9 ne.

A ganina duk fassarar da ba a gwada ta da rajista ba hasashe ce. Tun 1406 bishop na Nantes ya umarci a riƙa rubuta baftisma, sannan dokar Villers-Cotterêts ta 1539 ta wajabta hakan a faɗin masarautar Faransa. Ma'adanar takardun jihohi da ke Quimper da Vannes da Saint-Brieuc sun ɗora da yawa daga cikin rajistocin a intanet. A bi iyalin baya daga ɗa zuwa uba, a rubuta kowane salon rubutu da aka ci karo da shi tare da shekara da sunan ƙauye, domin kowane magatakarda yana rubuta abin da kunnensa ya ji ne, har a sami Le Bras da Le Braz, ko Le Du da Le Duff, a cikin gida ɗaya.